Jirgin Gwandu

A shekarun da alhazai suka fara zuwa Makka ta sama, ina sabon malamin elementare a Gwandu, kaina cike da boko. Matata ta je haihuwar fari gidansu a Kalgo, ragon suna kuma yana wuyana.

Na ɗora tsinke a kan taswirar aji, daga Gwandu zuwa Kalgo, na ga ko tsawon yatsa bai kai ba. Na ce wa Baffa, ƙanen mahaifina, "Masu bin hanya wahalar da kansu suke yi. Jirgi miƙe yake tafiya, ni ma miƙewa zan yi. Sai ana gobe suna zan tashi."

Baffa ya dubi ragon, ya ce, "Shi ma ka gwada mai taswirar?"

Na yanki daji. Abin da taswira ba ta faɗa ba, damina ce. Fadama ta cika, rago ya kafe. Na saɓa shi a kafaɗa, ruwa har ƙirji, yana kuka cikin kunnena, rana tana sunkuyawa, ni kuwa fuskar surukina kawai nake hangowa.

Sai washegari na isa Kalgo, an raɗa suna tuni, ana suyar ragon maƙwabci. Surukina ya dube ni, ya dubi ragon da ke kafaɗata. Ƙanen matata ne ya ɗaga kai sama, ya ce, "Ku ba da fili, jirgin Gwandu ya sauka."

Ɗan nawa da aka raɗa wa suna ran nan yanzu ya yi furfura. A Kalgo har yau Ɗan Jirgi suke kiransa.