Ranar da Na Juyo da Jirgin Yamai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga jirgin sama ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu Jiratawa ba za su bar ni ba. Zamanin Faransawa ne, shekarun ƙarshe kafin su miƙa mulki. Ina ƙaramin malamin lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, ina da kwat guda, takalmi sau-ciki guda, da Faransancin da a ganina ya fi na kumandan, Baturen da ke mulkin garin, daɗin ji. Kowa Mushe yake ce mini, wato Malam a Faransanci, ni ko ina tafiya ina ɗaga kafaɗa kamar ni na kafa garin.

Wata damina takarda ta zo daga Yamai: an zaɓe ni in je ƙaro karatu na wata uku, in na ci jarrabawa in zama cikakken malami. Ruwa ya cinye hanya wajen Ƙonni, motoci sun kwana biyu ba sa wucewa, don haka darektan lakwal ya ce in bi jirgin da ke tasowa daga Damagaram yana sauka Maraɗi sau ɗaya a mako.

Sai da na yi kwana huɗu ina ba da labarin jirgi a majalisar teloli ta Sabon Gari. (Duk ilmina a kan jirgi daga littafin karatun aji ɗaya na samo shi: hoto guda ne da layi uku a ƙarƙashinsa.) A kan layi ukun nan na gina gida har da soro. Na gaya masu yadda yake tashi, da abin da yake ci, da dalilin da ya sa ba ya karo da taurari. Ba wanda ya musa mini, don ba wanda ya sani.

Ranar tafiya, kawuna Arzika ya samo wata tsohuwar kamyo ta ɗaukar gyaɗa, ya loda rabin Jiratawa a ciki suka zo filin jirgi rakiya. Ga Inna, mahaifiyata, da ƙawayenta, ga wani maroƙi daga Tibiri da mai kalangunsa, wanda ba wanda ya gayyace shi. Kawu ya ja ni gefe, na zaci wasiyya zai yi mini, sai ya ce, "In ka biya bisa gonata ka duba mani ko awaki sun shiga geron nan." Na ce masa Kawu ai jirgi ba don duba gona aka yi shi ba, amma zan gani. Na hau tsani ina ɗaga hannu, kalangu na tashi a bayana.

Cikin jirgin kamar hawan tudu yake, gaba a sama, baya a ƙasa. Turawa na zaune gaba, har da wata madam riƙe da ɗan ƙaramin kare a cinya. Mu Hausawa tara ne a baya: fatake, da wani tsohon soja, da wata dattijuwa a kujerar da ke kusa da tawa, Hajiya Barira, 'yar Tibiri mai saida goro da atamfa. Ma'aikacin jirgin, wani dogon ɗan Dahome cikin farar riga, ya zo ya tambaya da Faransanci ko akwai mai jin yaren a cikinmu. Kafin ya rufe baki hannuna na sama. Ya ce to, ni ne tafinta, duk abin da ya faɗa in gaya wa mutanena.

Zo ka ga mulki! Na miƙe na gaya masu kowa ya ɗaure ɗamarar kujerarsa, ba shan taba, ba tofar da yawu, ba tashi. Na ƙara da nawa guda biyu da mutumin bai faɗa ba, don dai a san na iya. Sannan na juya ga Hajiya na nuna mata yadda ake ɗaure ɗamarar, a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya riƙon alli.

"Kada ki ji tsoro, Hajiya, in kin ji ƙara ki dube ni kawai."

Ta ɓantari goronta ta ce, "To, Mushe."

Aka rufe ƙofa. Jirgi ya fara rawa kamar mai masassara, ya ruga a guje, sai na ji hanjina ya zauna a Maraɗi ni kuma na yi sama. Kunnuwana suka toshe ɗif. Na leƙa taga, na ga Gulbi ya koma kamar zaren da aka yar a ƙasa, na yi sauri na ɗauke ido na mai da shi kan fiffike, wai ko zan ga abin da zai kwantar mini da hankali. Nan ne Allah ya jarrabe ni. Wani falle a bayan fiffiken dama yana motsi. Ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. A hoton littafina fiffike ba ya motsi. Ina cikin kallon abin muka shiga hadari, jirgin ya yi wata irin zurmawa kamar an janye masa tabarma.

Ban san lokacin da na kwance ɗamara ba. Na miƙe tsaye, da muryar da nake tsawata wa yara sittin, kuma da yake kunnena a toshe yake na ninka ta biyu, na ce, "Jama'a! Fiffiken dama ya karye!"

Da wani ne ya faɗa, da an ce ya zauna. Amma ni ne tafinta. Duk abin da ya fito bakina tun da aka rufe ƙofa maganar masu jirgi ce. Salati ya ɓarke. Wani bafatake ya rungume ƙunshin kayansa yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa sai ilmi ya zo mini: in kayan jaki suka rinjaya gefe guda, ai ɗaya gefen ake ƙara wa nauyi. Na ce, "Kowa ya koma hagu! Maza, hagu!"

Maza bakwai suka kwance, suka taru a kusurwar hagu ta baya, wani bisa wani, da kayansu. Jirgin kuwa ya karkata, hancinsa ya ɗaga. Na ce a raina, ka gani, da ban yi magana ba da tuni mun faɗi. Madam ta ƙwalla ƙara, kare ya kuɓuce ya bi ƙarƙashin kujeru yana haushi. Ɗan Dahome ya taho a guje da faranti cike da kofunan kafe, ya tambaye ni abin da ke faruwa. Na buɗe baki in yi masa bayani, sai na tarar Faransancina ya gudu gaba ɗaya. Jimla guda ta rage, wadda nake faɗa kowace safiya a aji, ita na daka masa da ƙarfi: a yi shiru, a buɗe littafi shafi na goma sha biyu.

Ya tsaya yana kallona, kafe na zuba a takalminsa. Ni kuma na ga ba mai taimakona, na ɗaga hannu na shiga dukan rufin jirgin kamar yadda ake dukan kan kamyo, ina cewa, "Direba tsaya! Akwai mai sauka!" Da na ga bai tsaya ba (ina ruwansa da ni), na nufi ƙofa na kama mariƙinta da hannu biyu.

Abin da na ji kawai an fizgo ni ta ƙugu. Hajiya Barira ce, wadda duk wannan abu ko ɗamararta ba ta kwance ba sai yanzu. Ta maka ni kan kujera, tsohon soja ya danne mini kafaɗa, ɗan Dahome ya riƙe ƙafafu, ita kuma ta cire gyalenta ta ɗaure mini hannuwa irin ɗaurin da ake wa huhun goro. Sannan ta juya ga mazan nan ta ce, "Ku koma mazauninku, ba abin da ya karye sai hankalin wanga yaro." Suka koma, jirgi ya daidaita. Mataimakin matuƙi ya fito, fuskarsa ja wur, ya dube ni, ya dubi ƙofar, ya koma.

Can an jima na ji muna sauka. Na leƙa taga a ɗaure, na ce a raina ashe Yamai ma akwai itatuwan gawo irin namu. Aka buɗe ƙofa, sai na ji kalangu.

Matuƙin ya juyo da mu Maraɗi. Ita kuwa kamyon Kawu ta ƙi tashi tun ɗazu, don haka ba wanda ya tafi. Da maroƙin ya ga jirgi ya sauka, bai tsaya tambaya ba, ya ɗaga murya: "Ya tahi ya dawo! Ɗan Jiratawa da ya cinye karatun wata uku tun ba a sauke tukunya ba!" Inna ta rangaɗa guɗa, ƙawayenta suka karɓa. Suna cikin guɗar jandarma biyu suka sauko da ni, hannuwana a gaba cikin gyalen mace mai furanni, kwat ɗina jiƙe da kafe. Guɗar ta riƙa mutuwa baki bayan baki. Mai kalangu ne na ƙarshen ganewa, sai da maroƙin ya taka masa ƙafa.

Ka ce kunya ta ƙare nan ko? Saura.

Matuƙin ya sauko, wani gajeren Bature mai gashin baki. Ya ce ba zai tashi ba sai ya yi wa fasinjoji da duk jama'ar da ke wurin bayani, don kada wani ya sake yi masa irin wannan. Aka nemi tafintan kumandan, aka ce yana Tibiri tare da maigidansa. Aka duba, aka duba. Mai jin Faransanci da Hausa ɗaya ne aka sani a filin, kuma yana ɗaure. (Faransancin nawa, munafuki, da ƙafata ta taɓa ƙasa ya dawo daram.)

Bature ya yi doguwar magana yana nuna ni da yatsa. Na gyara murya na ce, "Ya ce a gaishe ku. Ya ce an ɗan samu rashin fahimta, kuma ya yaba da yadda na kula da lafiyar jama'a."

"Ba haka ya ce ba."

Hajiya Barira ce, tsaye a bakin tsani. "Ya ce kai jaki ne. Kuma ya ce ya roƙi gafarar jakai."

Sai ta juya ga matuƙin ta zubo masa Faransanci, ba irin nawa na littafi ba, irin na kasuwa mai gudu kamar ruwa. Ashe shekara goma sha ɗaya ta yi tana fatauci a Abijan, kuma wannan ne shigarta jirgi na shida. Ita na koya wa ɗaure ɗamara. Baturen ya so ta karɓi tafintar, ta ce a'a, ai Mushe ne malami, shi zai yi, ita za ta riƙa gyara masa.

Haka na tsaya gaban uwata da kawuna da rabin garinmu, ina fassara zagin kaina jimla bayan jimla. "Ya ce fallen da na gani yana motsi aikinsa ke nan, da shi ake juya jirgi. Ya ce da ƙofar ta buɗe, da ni zan fara isa Jiratawa, ta sama. Ya ce shekara ashirin yana tuƙi, ya ɗauki tumaki, ya ɗauki mahaukata, bai taɓa juyowa ba sai yau." In na ɗan sassauta wata kalma, Hajiya ta yi gyaran murya, in koma in faɗe ta da ɗacinta. Ina cikin haka Kawu Arzika ya matso, ya rage murya, amma ba sosai ba, ya ce, "To gonar hwa, ka duba?"

Nan jama'a suka fashe. Har jandarman da ke riƙe da ni sai da ya sake ni ya riƙe cikinsa.

Hajiya ta kwance gyalenta, ta kakkaɓe shi, ta hau. Jirgi ya tashi ba ni. Shugaban filin ya rubuta sunana a wata takarda, ya buga mata hatimi, ya ce kamfanin ba zai sake ɗaukata ba ko da kumandan ne ya goyo ni. Washegari darektan lakwal ya kira ni, ya ce ya yi niyyar ba wani gurbina, amma ya ga korata za ta yi mini sauƙi da yawa. In tafi Yamai ta ƙasa, in kuma na faɗi jarrabawa kada in dawo masa.

Kwana tara na yi a bayan kamyo, bisa lodin fatun awaki da ba su gama bushewa ba. Rabin hanyar ita ta ɗauke ni, rabi ni na tura ta cikin laka. Da na isa an riga an fara karatu da mako guda. Na shiga aji a sace, ina murna ko ba komai nan ba wanda ya san ni. Malamin ya duba takardata, ya ɗago kai, ya yi murmushi har kunne, ya ce wa ɗalibai su tashi tsaye su gai da Mushe Fiffike. Labarin ya riga ni da kwana goma, don shi ba a sauke shi daga jirgin ba.

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Na koyar shekara talatin da wani abu, na yi furfura, na aurar da jikoki, amma in ka je Jiratawa yau ka tambayi gidana da sunan da aka yanka mini rago, sai an yi ta kallon juna. Abin da na koya dai kaɗan ne: tsoro ba laifi ba ne, kowa na da nasa, amma in naka ya zo ka riƙe shi a cinyarka kai kaɗai, kada ka raba wa jama'a da sunan sanarwa. In kuma aka tambaya wa ya iya, ka ƙirga goma kafin ka ɗaga hannu. Ni har yanzu ina ƙirgawa, sai dai galibi ina kaiwa uku hannun ya riga ni.