Rasuwar Tukunyar Fetur ta Maamobi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da hayaƙi, ni Garuba mai walda, na bakin babbar kwata a Maamobi, ina sanar da 'yan'uwa rasuwar tukunyar fetur ɗina, wadda unguwa ta fi sani da Anti Fetur. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana da shekara uku.

Marigayiya 'yar talakawa ce. Da tsofaffin tukwanen gas biyu da bututun ruwa na haɗa ta. Ɓawon kwakwa kawai take ci, ta mai da shi iska, iskar ta ratsa wani baƙin gari da ke cikinta, sai fetur ya ɗigo. Ba ta da yawan magana. In ta ji daɗi ta ce "fuuu", in ta ƙoshi ta ce "ɗis, ɗis". Ranar da ta fi ƙoƙari a duniya ta cika kwalbar lemo ɗaya da rabi. Babur ɗin ƙanena Jalilu ya kai unguwar Alajo da shi, a dawowa aka turo. Saboda kwalbar nan Jalilu ya fasa tafiya Libiya, ya ce zai jira mu buɗe kamfani.

Ajalinta ya zo ta hannun masoyi. Bayan Babbar Sallah, Mahama mahauci ya dubi ragowar tayoyin da yake babbaka kawunan shanu da su, ya ga bai dace maƙwabciya ta rasa rabonta ba. Ina masallaci ya ɗura mata. Ashe farar wutar da ke cikin taya guba ce ga baƙin garin nan na cikinta, kuma mutumin da ya samo mini shi a Tema ya riga mu gidan gaskiya. Kwana tara ta yi tana tari da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na yafe wa Mahama, a baki dai.

Ta bar ni, da buhu sha ɗaya na ɓawon kwakwa, da matata Zuera, wadda ta karɓi rashin da haƙuri mai ban mamaki, har ta ɗaura igiyar shanya a wurin. Jalilu kuwa, wallahi ba ni da sauran abin da zan riƙe shi da shi.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan sallar asuba, a baro, zuwa wurin masu sayen ƙarfe. Ba wanka, ba likkafani, a sikeli za a ɗora ta. Ana neman mutum ɗaya da zai kama mini baron, domin motar da Jalilu zai hau zuwa Agadas ita ma da asubar za ta tashi.