Shafi Guda na Malam Ƙamus

Duk wanda bai taɓa ganin ilimi yana tafiya da ƙafa biyu ba, ya leƙo maɗaba'armu ya ga Malam Ƙamus. Aikinsa duba kurakurai kafin a buga littafi, amma kowa ya san aikin ya yi masa kaɗan. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci, ɗaya a goshi don ko-ta-kwana.

Sifaniyanci kuwa a kwandon shara ya same shi. Wata makaranta ta kawo mana bugun littafin koyon harshen, tawada ta ɓata shafi guda, aka yar. Malam ya tsince, ya haddace. Shafin na nuna yadda ake juya kalmar "hablar", wato yin magana, in ana zancen abin da aka saba yi a da. Shi ke nan, muka shiga uku.

"Hablaba, ni ke nan, a da ina magana," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Hablabas, kai ke nan. Hablábamos, mu duka. Ku, ko a shekara goma ba za ku iso nan ba." Ko mai gadi bai tsira ba.

Ana nan sai babban inji ya tsaya cik, ga takardun jarrabawa saura kwana uku a karɓa. Kamfanin da ya ƙera shi ya turo injiniya, wata mata da ba ta jin komai sai Sifaniyanci. Maigida, mai maɗaba'ar, ya ce a nemo tafinta. Malam ya miƙe.

"Ina raye? Haba, ranka ya daɗe, kar ka ci mini fuska!"

Matar ta iso, ta nuna cikin injin, ta zuba tambaya. Duk muka juya ga Malam. Ya gyara murya, ya sauko da tabarau na biyu.

"Hablaba, hablabas, hablaba, hablábamos, hablabais, hablaban!"

Wallahi ko tuntuɓe bai yi ba. Matar ta tafa masa, ta sake tambayar. Ya sake jero su, wannan karon daga ƙasa zuwa sama.

"Me ta ce?" in ji maigida, gumi na keto masa.

"Muna kan gaisuwa tukuna."

Can sai dattijon da ke tuƙa injin, wanda yakan wuni bai ce uffan ba, ya ɗago wani tsinkakken bel na injin, ya kwaikwayi kukan da injin ya yi: "Ƙarrr, kwas!" Matar ta gyaɗa kai, ta naɗe hannun riga. Maigida ya miƙa wa Malam tocila.

"Ungo, haska musu."

Awa biyu masanin yana tsugune da tocila har injin ya tashi. Da za ta tafi, injiniyar ta ba kowa hannu. Da ta zo kan Malam, sai ta laluba jakarta ta ba shi alewa.