Ranar da Ragon Suna Ya Tafi da Bishiyata

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yata ta uku ba, kuma ba don daɗin suna ba.

Bari in fara da amsa laifina: kishin ƙanena Habibu nake yi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na koya masa hawa keke, amma haka nan abin ya kama ni. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Birnin Kudu, shi kuwa noma yake yi a Gwaram. Da na gina gidana, sai na sa aka sare wata tsohuwar darbejiya da na tarar a filin, wai tana zubar da ganye. Na shafe tsakar gida da siminti, na sa fanka a kowane ɗaki, na sayi janareta. (A lokacin gani nake na gama wayewa.) Bazarar farko ta nuna min matsayina. Ƙofar gidan yamma take kallo, rana ta wuni tana dukan bango, ɗaki ya zama kamar tanda. In aka ɗauke wuta sai janareta, shi kuma ya yi ta shan mai, fankar ma iska mai zafi take hurowa.

Habibu kuwa tun kafin ya yi aure ya jera darbejiya da mangwaro a yammacin gidansa, ya yi shekaru yana ba su ruwa da bokiti, ina yi masa dariya. Yanzu in ka shiga gidan da tsakar rana sai ka ji barci na ɗibarka. Janareta ma bai da shi. Duk wannan da na haƙura, da a ce abin bai taɓa Inna ba. Da azumi na ɗauko ta don ta yi wata guda a wurina, kwana uku kawai ta yi ta ɗaure kayanta. "Kai," in ji ta (ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana), "mayar da ni Gwaram, gidan nan naka gasa mutum yake." Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin raina. Uwata ta fi son zama gidan ƙanena!

Shi ya sa da uwargida ta haihu, Habibu ya bugo waya yana barka, ya ce Inna za ta zo suna amma ranar za ta koma, sai na ji bakina yana cewa, "Ka gaya mata ta taho da kayan sati biyu. Ni ma na yi dashe, bishiyoyina har sun fi mutum tsayi."

"Masha Allahu, Yaya! Yaushe ka dasa?"

"An daɗe," na ce masa, na kashe waya.

Ko zogale ban dasa ba. Ana gobe suna na tafi gonar wani abokina a hanyar Wurno, muka saro manyan rassan darbejiya guda huɗu masu ganye shar, aka kawo min a amalanke. Na haƙa ramuka a ƙofar gida, na kafa su, na danne da ƙasa, na kwarara ruwa. Har da zagaye gindin kowace da duwatsu don a ga an daɗe ana kula da su. Maƙwabcina ya leƙo, ya duba, ya ce, "Sannu da aiki, Malam," ya koma ciki da sauri. Na tabbata dariya ya je yi.

Da asuba motar 'yan Gwaram ta iso. Inna ta sauko, ta dubi bishiyoyi, ta ce, "A'a, madalla," ta shige ciki wurin mata. Sai na ji kaina ya yi girma. Maza suka zazzauna a tabarmi, liman ya iso, ana jiran mahauci. Ina can ina yi wa baƙi bayanin cewa sirrin dashe shi ne takin tumaki, ban ankara ba Baffanmu ya ɗaure ragon suna a jikin babbar cikin bishiyoyin. Habibu yana gefe, ya taɓa wani ganye da ya fara laushi, ya dube ni, ya kau da kai.

Sai aka ɗauke wuta. Ni da nake son Inna ta ji daɗin gidana, na ruga na ja igiyar janareta, wanda yake daf da wurin ragon. Ragon ƙauye ne, bai taɓa jin irin wannan ƙara ba. Ya zabura, ya finciki igiya, bishiya ta fito daga rami salin-alin ta bi shi. Ya ratsa ta kan tabarmi, ya kifar da farantin goro da dabino, liman ya ɗage ƙafa, hular Baffa ta maƙale a reshe. Daga nan ya faɗa zaure, ya shige tsakar gida yana jan bishiyata a kan siminti, mata na ihu.

A gaban Inna Habibu ya kama shi. Na iso ina haki, na tarar kowa ya zuba wa gindin bishiyar ido: babu saiwa ko ɗaya, sai saran gatari fari fat.

Baffa ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya ce, "Ikon Allah! Shekara saba'in ina noma, yau na ga bishiya mai bin rago."

Aka fashe da dariya, har mai jego daga cikin ɗaki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Habibu bai yi dariyar ba. Rufa min asiri ma yake ƙoƙarin yi. "Ai Yaya gwaji yake," in ji shi, "ya ga ana dasa cediya da reshe." (Ina kishin mutum, shi yana kare ni. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.)

Inna ta daɗe tana kallon reshen, sannan ta ɗago. "Kai, yanzu ni ka yi wa wannan wahalar?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, na gani, Allah ya yi albarka. Amma da la'asar zan bi mota."

Ta kuwa bi. Da damina ta faɗi Habibu ya kawo min 'yan dashe shida a leda, na karɓa ina ɓata rai, muka dasa tare. Yanzu sun kawo min ƙirji. Inna ta ce duk ranar da inuwarsu ta kai taga in zo in ɗauke ta, ni kuma kullum da safe ina nan da bokiti ina roƙon Allah ya ja kwananta.

Na dai gane cewa inuwar Habibu na gani na yi kishi, ban ga shekarun ɗibar ruwan ba. Sannan in har ta kama sai ka kafa ƙarya a ƙofar gida, to ka tsaya kusa da ita, kada wani ya ɗaure mata rago.