Lambobi Biyu da Ƙarin Girman Malama

Jama'a, jiya na wuni durƙushe a bayan tebur, kaina cikin wayoyi, gwiwoyina na kuka. Ba neman kuɗin da ya faɗi nake ba, intanet nake nema.

Maiɗakina malamar makaranta ce, shekara tara tana kan mataki ɗaya. Bana Masu Girma na ofishinsu, Allah ya ƙara musu sanyin kwandishan, suka ce an daina karɓar takardar ƙarin girma da hannu, kowa ya cike ta intanet kafin ƙarfe huɗu na jiya. Wanda ya makara sai baɗi. Ci gaba ke nan, wa zai ja?

To, kwamfutarmu ta gida da layin tarho take hawa intanet. Na zare waya daga tarho, na soka a modem, ɗan akwatin da ke haɗa kwamfuta da layin, na danna. Ta yi ƙarar nan tata kamar an shaƙe kaza, ta ce ta haɗu. Na rubuta sunan shafin ofishin. Shiru. Wai ba ta san wannan suna ba.

"Baban yara, ƙarfe goma fa," in ji Malama daga bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Kwantar da hankalinki, ai ni da na'urar nan mun san juna."

Wallahi ƙarya nake, ban san komai ba. Na leƙa ta katanga na kira maƙwabcina mai gyaran rediyo, wanda muke ce wa Injiniya. Ya duba, ya ce matsalar sabar sunaye ce. Wai wata na'ura ce can nesa, kamar dattijon bakin layi mai nuna wa baƙi gida: ka faɗa mata sunan shafi, ta nuna wa kwamfutarka hanya. Ana saka lambobinta biyu a wani ɗan akwati cikin saiti, kuma kamfanin intanet ya canza su makon jiya.

"Ina suka sanar da sababbin?"

"A shafinsu na intanet," in ji shi.

Kai, wannan basira ta burge ni! Na cire modem, na mayar da tarho, na kira kamfanin. Wata murya mai zaƙi ta ce in hau intanet yanzu, in karanto mata abin da nake gani. Na ce ranki ya daɗe, layin ɗaya ne, ko ke ko ita. Ta ce to in na hau in sake kira.

Ƙarfe biyu Malama ta zauna riƙe da takardunta a cinya, tana duban agogo. Injiniya ya hau kekensa ya tafi ofishin kamfanin, ya tarar an manna lambobin a jikin ƙofa, a bayan wata tukunyar fure. Ba takarda a aljihunsa, sai ya rubuto su a tafin hannu, ya dawo yana tuƙi da hannu ɗaya kada gumi ya goge.

Na saka su, ɗigo bayan ɗigo. Shafi ya fara saukowa a hankali, hoton Mai Girma tukuna, tun daga hula har haɓa, minti shida cur. Ƙarƙashinsa an rubuta: ana gyara.

Uku da kwata na zare modem cikin fushi na mayar da tarho. Nan take ya yi ƙara. Akawun ofishin su Malama ne.

"Haba Malam, tun safe layinku a cike! A gaya wa Malama ta kawo takardarta da hannu. Kwamfutarmu mako guda ba ta buɗe komai, wai wasu lambobi aka canza."

Malama ta yafa mayafi, ta ƙura wa tafin hannun Injiniya ido, ta kwafe lambobin a bayan ambulan, ta fita ko sallama babu. Ƙarfe huɗu saura minti goma ta miƙa takarda, sannan ta zauna a kujerar akawu ta gyara musu saitin.

Na ji an ce Mai Girma zai kira taron ƙaddamar da dawowar intanet. Ni dai a bar min kujera a gaba, gwiwoyina ba sa son tsayuwa.