Gadar Iska ta Injiniya Silvanus

Duk faɗin Kafanchan babu wanda ya fahimci iska kamar Injiniya Silvanus. Takardar aikinsa dai ta ce akawu ne a wani ofishi a Gidan Waya, amma tun da aka tura shi kwas Legas a 1996 ya dawo da tabarau, da sukurdireba a aljihun gaba, da wannan suna da ya raɗa wa kansa. A bayan idonsa 'yan unguwa na kiransa Oga Ba-Waya, saboda kullum maganarsa ke nan.

"Zamanin waya ya wuce," in ji shi. "Turawa yanzu ta iska suke komai. Mu ne kawai muke baya."

Tsarabarsa biyu ce: na'urar wasan ƙwallo da ake jonawa da talabijin, da wani ɗan akwati mai eriya da ke aika hoto daga talabijin zuwa wata. Nan basira ta motsa. Zai gina gada ta iska daga falonsa zuwa falon Alhaji Zubair, ɗan kasuwar citta da ke tsallaken titi, su buga wasa kowa na gidansa. Ya sa ranar Asabar, ya gayyaci dattawan coci da na masallaci. Zaɓen shugaban ƙungiyar unguwa ya matso, amma ya rantse wannan ba shi da alaƙa da gayyatar.

Gwajin farko, talabijin ɗin Alhaji ta nuna yayyafi da shuuu. Injiniya ya dubi sama, ya gano mai laifi: mangwaron ƙofar gidansa. Aka sare rassa, mangwaro ya koma kamar wanda aka yi wa aski da fushi. Yayyafi bai tsaya ba. Ya ɗaura eriya a kan gora, ya ƙara mata murfin tukunyar matarsa Afiniki.

"Maigida, da me zan rufe miya?"

"Madam, ana maganar kimiyya kina maganar miya."

Da wannan ma bai yi ba, ya shiga gidan Alhaji yana shinshina, ya yanke hukunci cewa citta na shanye sigina. Alhaji mutum ne mai haƙuri da maƙwabci, ya sa aka kwashe buhunan zuwa zaure. Ana cikin kwasa wani buhu ya bugi talabijin, tasha ta sauya, sai ga filin ƙwallo tangaran. Injiniya ya gyara tabarau.

"Na faɗa. Citta ce."

Saura abin dannawa da Alhaji zai sarrafa 'yan wasansa da shi, wanda wayarsa ba ta kai ko bakin ƙofa ba. Wannan bai dami gwani ba. Ya naɗe jelar wayar a jikin eriyar Alhaji, ya ce duk abin da aka danna iska za ta kai.

Ranar Asabar da yamma falo ya cika. Injiniya ya yi jawabi kan makomar Afirka har lemon baƙi ya huce, sannan aka take wasa. 'Yan wasansa jajaye suka bazama. Na Alhaji shuɗɗa suka tsaya cak kamar masu jiran mota. Can tsallaken titi Alhaji ya danna har babban yatsansa ya yi zafi, ko ɗaya bai motsa ba.

"Tsoro ne," Injiniya ya bayyana wa dattawa. "Sun ga gwani."

Sai dai gwanin ya yi ta harba ƙwallo sama da gefe har aka tafi hutu babu ci. Da aka dawo ya sha alwashi. Ya karɓi ƙwallo, ya ruga inda ya saba rugawa, ya yanke mutanen da duk jajaye ne bai lura ba, ya ɗirka ta a raga. Babu wanda ya gaya masa a Legas cewa bayan hutu ana sauya gida.

Ihu ya tashi, ba a falonsa kaɗai ba. Ashe ɗan akwatin bai san Alhaji da wanin Alhaji ba, duk mai talabijin a layin ya kamo wasan. Injiniya ya fito ƙofar gida hannu sama yana karɓar gaisuwar jama'a, har sai da Fasto Meshak ya raɗa masa cewa ragarsa ya ci.

Daidai nan Alhaji Zubair ya ɓullo daga kwana da carbi a hannu. Tun kafin hutu ya ajiye abin dannawa ya tafi sallar la'asar. Yara suka kewaye shi suna masa barka da nasara.

Injiniya ya ce wannan gwaji ne kawai, dole a sake karawa.

"Na yarda, Injiniya," in ji Alhaji. "Amma a sa ranar da nake zuwa kasuwar Kwoi, tunda ba sai ina gari ba."