Kwamfutar Ƙanena da Rabin Jimlarsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutar gidanmu, wadda mijin ƙanwata ya kashe da hannunsa da kofin shayinsa. Ba ajali nake musu ba. Amma ajalin nan yana da hula da gashin baki, kuma kowa ya san gidansa.

Marigayiyar gado ce daga ƙanena, Allah ya jiƙansa. A kanta ya koya mini gyaran kundin ilimi na intanet, sashen jaruman littattafan zane, ni da ban gama firamare ba. Wasu na cewa aikin yara ne. Ni dai na san ƙarya ƙarya ce, ko a kan mai tashi sama aka yi ta. Dokarmu ɗaya: ba a rubuta wa jarumi wani ƙarfi sai an kawo littafi da shafi. Da ita muka ƙwace wa wani jarumi numfashi a cikin ruwa, domin ba a taɓa zana shi ya jiƙe ba.

Ta kasance mai haƙuri. Harafi biyu sun goge a jikinta, murfinta sai an jingina shi da gwangwanin madara, fankarta na cewa "fuuu, kar-kar-kar" kamar tsohuwa mai minshari. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

Ranar da ciwo ya kayar da ƙanena, yana tsakiyar rubutu ne a kan wani jarumi mai ratsa bango. Ya rubuta: "Ba ya iya ratsa bango idan". Nan ya tsaya. Daga asibiti bai dawo ba. Na tarar da shafin a buɗe da sunansa, ɗan layin nan yana ƙiftawa a ƙarshen kalmar, yana jiran yatsan da aka riga aka binne. Tun daga ranar ban kashe ta ba. In an ɗauke wuta, nakan rungume ta zuwa shagon mai caji kamar mai kai jariri asibiti. Aikina ina yi a wani shafin da sunana, nasa ban taɓa ba. Kullum nakan buɗe kwalayen littattafansa ina neman ƙarshen maganar. Ban samu ba, kuma ba zan ƙaga ba.

Ranar Lahadi da hantsi mijin ƙanwata ya shigo ɗakin ba na nan. Ya ga jimla ba ƙarshe, ya zauna a kujerar mamaci, ya ƙarasa: "matarsa ta kira shi." Ya danna wallafa. Dariyar kansa ta kama shi har shayi ya tuntsure a kan haruffa. Marigayiyar ta ce "tsss", ta yi ƙauri, fuskarta ta yi baƙi.

Da na dawo sai ya ce, "Haba Yaya, raha ce fa! Kai ma ka san gaskiya na rubuta." Ƙanwata ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ka san shi ba ya ganin abu a buɗe bai sa hannu ba."

Na ari waya na goge ƙaryar. Sai dai kundin ba ya mantuwa. A tarihin gyaran shafin, sunan ƙanena na nan da kwanan watan Lahadin nan, kamar ya taso ya yi wasan banza ya koma. Wani abokin gyara da ke wata ƙasa har ya rubuta masa: "Maraba da dawowa, malam! Ina ka shiga haka? Amma ina hujjarka?" Na karanta ya fi a ƙirga. Ban san da bakin wa zan amsa ba.

Ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzamin kwamfuta mai ciwon ɓarin dama, da gwangwanin madarar da yanzu ba shi da abin tallafa. Ta bar ni. Har yau in na wuce ƙofar ɗakin da rana tsaka ina jin "kar-kar-kar", in na rufe ido layin nan yana ƙiftawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Ba za a kai ta wurin 'yan gwangwan ba. Za a naɗe ta da rigar ƙanena, a sa ta a saman kabad. Masu ta'aziyya su zo hannu sake, ba a shiga da abin sha.

Shi kuwa mijin ƙanwata, zai zauna a tabarma a bakin ƙofa da kwalayen nan, ya karanta littafi bayan littafi har ya samo shafin da ya faɗi abin da ke hana jarumin ratsa bango. Kafin nan, ba gaisuwa tsakanina da shi, kuma ba ya shan ko ruwa a gidana.